Aljihun Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren yayana a Karu ba. Ko na so mantawa, Kawu Sale ba zai bari ba.

Sana'ata tsara aikin riga a kwamfuta, a wani shago a Kubwa. Ni nake shirya wa keken aiki hanyar da allura za ta bi, inda zare zai yi kauri, da inda zai tsaya. Kawu Sale, ƙanen mahaifinmu, bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. "Wasan yara," haka yake kiranta. Da aka ce shi ne wakilin ango, sai na roƙa a bar mini aikin babbar rigarsa. Burina ɗaya ne: ya faɗa da bakinsa cewa na iya.

Na ɗauki hoton wata tsohuwar rigarsa mai aska takwas, aikin hannu daga Zariya, na bi zanen layi-layi. A hagun ƙirji sai na ga layin ya yanke, an bar fili. Na yi murmushi, na ce ashe masu aikin hannu ma suna gajiya. Na haɗe layin, har na ninka ɗinkin don ƙarko. (A fuskar kwamfuta riga ba ta da aljihu. Ita ke nan hujjata, kuma na san ba ta da ƙwari.) Tela ya riga ya gama haɗa rigar, saboda haka aka ɗora ta a keke, zare ya bi umarnina daidai.

Aiki kam ya fito. A masallaci dattawa suna shafa ƙirjin Kawu suna tambayar inda aka yi. Ni kuwa na bi sahu-sahu ina taimaka musu da amsa.

Aka shafa fatiha, aka fara rabon goro da alewa. Wani ya cika wa Kawu hannu. Bai ko duba ba, ya kai hannun bakin aljihu kamar yadda ya saba tun kafin a haife ni, ya saki. Goro ya gangaro ta kan askata mai kyau, ya watse a kan darduma. Ɗaya bai tsaya ba sai a ƙafar liman. Kawu ya laluba da yatsa, ya sake lalubawa, sannan ya ɗago kai.

"Ina ɗan kwamfutar nan?"

Masallacin gaba ɗaya ya nuna ni. Ai ni na gabatar da kaina.

"Ɗana, ita na'urar taka ba ta cin goro ne?"

"Kawu, ƙarko na ba aljihun."

"Ka ba shi kuwa. Ko ɓarawon cikin bas ba zai shiga nan ba."

Har liman sai da ya rufe baki da rawani don ɓoye dariya.

Washegari na je da reza in buɗe aljihun, Kawu ya hana. Har yau rigar yake sawa a kowane taro. Yakan nuna askar ya ce, "Ɗan wana ne ya yi. Hannun ya iya, hankalin ne muke jira." Rabin yabo ne, amma daga bakin Kawu Sale, na karɓa hannu bibbiyu. Abokansa ma sun kawo nasu ɗinkin, kowa da sharaɗin a bar masa wurin goro.

Yanzu idan na ga fili a aikin mutanen da, ba na saurin gyara musu. Hannu nake fara sawa in ji ko akwai aljihu.