Gaisuwar Da Ta Ƙi Ƙarewa

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, ranar da na yi gaisuwa mafi tsawo a rayuwata.

Likita ne ya ja mini. Ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce, "Malam, in ba ka motsa jikin nan ba, nan gaba a kan kujera za ka riƙa sallah." Maganar ta shige ni. Na dawo gida na rubuta tsari da ajami a bayan tsohuwar kalanda (da boko ne, da kowa ya karanta ya yi dariya): gudu kullum bayan Asuba, ɗaga ƙarfe da yamma, ninkaya kuwa duk ranar da na leƙa dangi a Katagum.

Ƙarfen nawa gwangwanayen madara ne biyu cike da siminti, an soke su da bututu. Maƙwabcina, wani tsohon soja, shi ya koya mini in saɓa shi a kafaɗa, in tsuguna in tashi. Ya ce goma ta isa. Ni kuwa ran Litinin na ga goma wasa ce, na yi arba'in.

Da gari ya waye cinyoyina kamar an kwana ana dukansu da taɓarya. Uwargida ta ce in huta. Na ce abin da na rubuta na rubuta. Na yi bismilla na kama hanyar Gadau, ina gudun da mai tafiya da sauri zai iya wuce ni.

Ina shan kwana sai ga surukina, mahaifin uwargida, zaune a kan benci a ƙofar wani amininsa, su huɗu. Ashe ya kwana a nan garinmu Azare ban sani ba. Mutum dai ba ya gaida suruki a tsaye. Na tuɓe takalma, na tsuguna har ƙasa.

"Baba, barka da asuba."

"Barka kadai, Malam. An tashi lafiya?"

Muka gaisa yadda ya kamata. Na yunƙura in tashi, ƙafafu suka ce ba da su ba. Na sake gwadawa a ɓoye, ko motsi. Sai na ce bari in ja gaisuwar ko za su huce.

"Ya mutanen gida, Baba?"

"Lafiya lau."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Na tambayi gero, na tambayi wake. Na tambayi limamin garinsu, na tambayi akuyar da ta yi ciwo bara (Allah Ya gani, ta daɗe da shiga tukunya). Gumi na zuba, dattawan nan suna ta yaba ladabina. Ɗaya ma ya ce, "Alhaji, ka yi dacen suruki."

Tambayoyi suka ƙare, ina nan tsugune. Baba ya leƙo fuskata.

"Malam, ko yarinyar nan ta yi maka wani laifi ne? Faɗi, kada ka ji nauyi."

"A'a, Baba. Tashi ne ya gagara."

"Me ya gagara?"

"Tashi. Motsa jiki nake yi."

Amininsa ya ce, "To ai ga shi bai motsu ba."

Baba, mai shekara kusan tamanin, wanda bai taɓa ɗaga wani ƙarfe ba in ba fartanya ba, ya miƙe tsaf, ya kama hannuna ya ɗaga ni kamar buhun dusa. Ya miƙo mini sandarsa ya ce, "Riƙe, ka aiko mini da ita in ka isa gida."

Da sandar na koma, ina dogarawa ta tsakiyar unguwa, ga takalmin gudu sabo fil a ƙafata.

Kwana uku na yi ina jinya, ran Asabar na koma kan hanya, kuma har yau ban fasa ba. Tumbi ya ragu, ruku'u da sujada sun yi sauƙi, alhamdu lillahi. Tsugunon ƙarfe dai goma nake yi, kamar yadda soja ya ce. Abin da na ƙaru da shi kuwa, kafin in tsuguna a gaban kowane babba yanzu, sai na fara duba abin da zan dafa in tashi.