Gwaggo Mai Gashin Ƙashi Ta Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda ba, Malam Sharfuddeen, likitan gashin ƙashi da ke bayan kasuwar Bagudo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na gida da na tsallaken Benin, rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar gashi wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar aiki, bayan jinyar da ta fara tun saukar damina.

Marigayiyar ta girmi mai ita. Malaminsa ne ya bar masa ita lokacin da ya ajiye aiki, aka ɗauko ta daga Birnin Kebbi a bayan akori-kura, naɗe cikin tsohuwar katifa. Farin akwati ce mai taya, da dogayen hannuwa biyu masu lanƙwasa, kowane da faifai a ƙarshensa kamar murfin tukunya. Tsawon rayuwarta ba ta taɓa jikin kowa ba. A sa gwiwa ko kafaɗa tsakanin fayafayan, a kunna ta, sai mutum ya ji ɗumi yana tasowa daga can cikin gaɓa, inda tsumma da ruwan zafi ba sa kaiwa.

Halinta ɗaya ne, kuma ba ta taɓa sauya shi ba: inda aka ajiye hannunta, nan take zuba ƙarfinta. In Malam Sharfuddeen ya sa fayafayan suna fuskantar juna, ɗaya ta wannan gefen gwiwa ɗaya ta wancan, ɗumin yakan ratsa gaɓar. In baya ne, sai ya jera su gefe da gefe, ya buɗe tazara tsakaninsu, domin in suka matsu, ƙarfin yakan yi yanke daga wannan faifai zuwa wancan ya bar naman da ake so. In ɗaya ya fi kusa da fata, wannan gefen ne zai kwashe zafin. In kuwa faifai ya karkace, bakin da ya fi kusa shi ne zai ƙona mutum. Shi ya sa yakan daɗe a tsugune yana gwada tazara da yatsunsa, yana shimfiɗa tawul don ya shanye zufa, kafin ya taɓa makunni.

Ba kowa ke haƙuri da wannan ba. Alhaji Ɗanmaliki, dillalin shinkafa, mutum mai jiki, ya taɓa cewa yana kwance, "Likita, matso da abin nan mana, ni ban ji komi ba."

"Alhaji, in na matso, kitse za ta gasa, ƙugun kuwa yana nan da ciwonsa."

"To bar shi can," in ji Alhaji. "Kar a mai da ni gida tsire."

Gwaggo ba ta da yawan magana. Muryarta ba ta wuce gurnanin fanka a cikinta ba, sai kuma 'yar ƙararrawa mai cewa "ɗin" in lokaci ya cika. Ta gasa Bazabarme, ta gasa Bafillace, ta gasa mai jin Dandanci kaɗai, ba ta nemi tafinta ba, ba ta tambayi takardar iyaka ba.

Ciwon ajali ya faro a hankali. Allurar awon ƙarfi da ke fuskarta ta fara nawar tashi. Ɗan ƙwan fitilar da Malam Sharfuddeen kan riƙe tsakanin fayafayan don gwaji, wanda da yakan kama da kansa ya yi ja, ya koma haske dishi-dishi. Aka kira Muktar mai gyara. Ya buɗe bayanta, ya nuna wata kwalbar gilashi da ta yi baƙi daga ciki, ya ce ita ce zuciyarta. An cigita a Kano, an cigita a Anaca, an aika saƙo Parakou har Kwatano ta hannun direbobi. Ba a dace ba. Daga nan Malam Sharfuddeen ya rage mata aiki. Masu ƙaramin ciwo yakan ba su haƙuri ya yi musu da hannu, ya tanadi sauran ƙarfinta ga waɗanda ba su da wata hanya.

Cikinsu akwai Inna Uwa, tsohuwa mai turara shinkafa daga wani ƙauye gaba da Tsamiya, ta ɓangaren Benin. Gwiwoyinta sun sandare, ta yi shekaru tana salla a kan kujera. A bayan babur ake kawo ta, ta iso jikinta duk ya yi tsami. Ranar da ta fara zuwa ta ce masa, "Ɗana, ni ba guje-guje nika nema ba. Goshina nika so ya taɓa ƙasa kahin in mutu."

Tun daga ranar ya ɗauki abin kamar na mahaifiyarsa. Gwaggo ta ɗumama gaɓar, shi kuma ya bi da hannu yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan kafin ɗumin ya huce. Gwiwar dama ta saki. Ta hagu ce ta yi taurin kai, amma ita ma ta fara ba da kai.

A kanta Gwaggo take ranar Talatar. Ya daidaita fayafayan kamar kullum, Inna ta lumshe ido. Ana cikin haka gurnanin ya yi ƙasa, aka ji "ƙas", ƙauri ya tashi.

"Likita," in ji Inna Uwa, "ɗumin ya tafi."

Ya murɗa wannan, ya murɗa wancan. Ya leƙa janareto, yana aiki lafiya lau. Ya dawo ya sake gyara zaman fayafayan, alhali ya san ba daga nan ba ne. Inna tana kallonsa har ya gama.

"Bar ta, ɗana," ta ce. "Gajiya ta yi. Mu mun san gajiya."

Ya janye fayafayan. Ya kama gwiwar da sauri tun da sauran ɗumi a cikinta, ya lanƙwasa. Ta yi nisan da ba ta taɓa yi ba, amma ba ta kai ba. Da Azahar ta yi, Inna ta nemi kujera. Ya kawo mata da kansa, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa har ta idar.

Marigayiyar ta bar Malam Sharfuddeen. Ta bar ƙanwarta, fitila mai jan haske, wadda ke da kirki amma ƙarfinta iyakar fata ne. Ta bar masuntan Kaoje da ke jefa birgi da kafaɗun da ta warware, da manoman Bahindi da Sharabi waɗanda suka zo a ranƙwafe suka koma a miƙe. Ta bar telan maƙwabta, wanda rediyonsa kan yi shuu duk lokacin da aka kunna ta. Ya daɗe yana ƙorafi a kan haka. Yanzu rediyon yana fita tas, ya ce shi kam bai ji daɗin hakan ba. Ta kuma bar gwiwar hagu ta Inna Uwa, aiki bai ƙare ba.

Ana roƙa mata gafarar duk wanda aka sa ya cire zobe, agogo ko laya mai ƙarfe kafin ya kusance ta, da masu juna biyu da masu ƙarfe a jiki waɗanda aka mayar ba a gasa su ba. Ba wulaƙanci ba ne. Ta san inda ƙarfinta ke cutarwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan La'asar. Ba za a yi salla ba, domin marigayiyar ba ta da hisabi. Za a naɗe hannuwanta, a lulluɓe ta da zanen gado, a tura ta a amalanke zuwa ɗakin baya na gidan Malam Sharfuddeen. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su yi haƙuri, ba a gayyace su ba. An dai yarda Muktar ya cire abin da ke da sauran amfani a jikinta, ko wata 'yar uwarta a wani gari za ta ƙara kwana da shi. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin gashi.

Masu ranar gashi su ci gaba da zuwa. Za a dafa ruwa, akwai tawul, akwai hannuwan likita. Ya dai roƙi a gaya musu gaskiya tun kafin su hau babur: aikin zai daɗe fiye da da, kuma zai yi zafi. Inna Uwa ta aiko cewa ta ji, a fara da ita.