Na Nemi Ragi a Sararin Sama

Duk mantuwata, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na kai 'yata Hanifa wajen wasa a birnin Guangzhou na ƙasar China. Shekara tara ina zirga-zirga tsakanin Kano da garin nan, ina sayen tufafi a kasuwar Shisanhang ina turawa gida, don haka yawancin girman yarinyar nan a waya na gan shi. Da suka zo hutu ita da mamanta, sai na tarar tana jin kunyata kamar baƙo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta koma bayan uwarta ta laɓe. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na ƙudura a raina cewa kafin su koma sai ta saki jiki da ni.

Dabarar da na zaɓa ita ce burga. Na yi ta nuna mata ubanta ba ya tsoron komai, kuma yaren China ya zauna a bakinsa. (Tsakani da Allah, abin da na iya bai wuce na kasuwa ba: "lawban" wato maigida, "meyo" wato babu, da "tai gwai la" wato ya yi tsada. Da su nake ci nake sha, ban taɓa neman ƙari ba.)

Wajen wasan kuwa, a ba mutanen nan haƙƙinsu, sun iya aiki. Akwai manyan lilo masu juya mutum ƙafa sama kai ƙasa, waɗannan ko kallonsu ban yi ba. Wanda Hanifa ta ƙura wa ido na iyali ne, ɗan jirgi mai gudu a kan dogo, an ƙera shi da siffar dodon tatsuniyarsu, ja da ruwan zinare, dogo mai gemu, amma an ba shi manyan idanu da fuskar fara'a yadda yaro ba zai firgita ba. Kowane tarago wani sashe ne na jikinsa. Ko layin shiga ma ba irin layin da muka saba ba ne. Sai ka ratsa ta cikin gora, ka shiga wani kogo mai jajayen fitilu, ka tarar da ƙwai uku manya-manya, ɗaya ya tsage, in ka kara kunne ka ji jaririn dodo yana minshari a ciki. Ga wani feshin ruwa mai sanyi yana sauka a kan mutane saboda zafin garin. Wajen rabin awa muka yi a tsaye, ban ji yaro ko ɗaya ya yi kuka ba. Na jinjina wa wanda ya zauna ya tsara wannan abu.

A bakin ƙofa Maman Hanifa ta ja da baya, ta karɓi hulata.

"Alhaji, ka tabbata kuwa?"

"Haba, ni da nake hawa jirgin sama kamar motar haya? Dubi tsohuwar can ma da jikarta za su hau."

Tsohuwar ce ta zauna a bayanmu. Wata ma'aikaciya ta zo ta danna mana ƙarfen kariya a cinya. Na dubi Hanifa na ce, "In kin ji tsoro ki riƙe ni." Ta ce, "To, Abba," ba ta ko ɗago kai ba.

Dodo ya fara hawa a hankali, ƙat, ƙat, ƙat. Daga sama na hango wajen gaba ɗaya, ga tafki, ga furanni, ga rufin gine-gine masu lanƙwasa, har ina nuna wa yarinya da yatsa ina yi mata bayani. Ina tsakiyar bayanin sai kan dodon ya ɓace daga gabana. Ni na tafi ƙasa, hanjina ya tsaya a sama.

Salati na fara yi, wannan ba abin kunya ba ne. Da muka shiga kwana jirgin ya kwanta gefe guda, sai na yanke shawarar dole direba ya tsaya. (Babu direba. Daga baya na sani.) Na lalubi kalmar "tsaya" a cikin ɗan yaren da nake taƙama da shi, na tarar ban taɓa koyonta ba. Baki kuwa ba ya jira, ya ɗauko abin da ya saba faɗa duk lokacin da aka matsa masa.

"Lawban, tai gwai la! Tai gwai la!"

Ƙato da ni, da gemuna, a kan lilon yara, ina kururuwa cewa ya yi tsada. Tsohuwar nan ta fashe da dariya har tana dukan kujerata. Ga wani ƙarin bala'i, ashe zagaye biyu ake yi. Da muka sake isa gangaren, kafin in buɗe baki duk jirgin ya ɗauka baki ɗaya, yara da manya, suna rera maganata kamar waƙa. A nan ne na ji wani ɗan hannu ya kama nawa ya matse.

"Abba, rufe idonka, saura kaɗan."

Na rufe kuwa.

Da muka sauka, ma'aikaciyar ta rusuna mini tana danne dariya, tsohuwar ta ɗaga mini babban yatsa. Na karɓi hulata na kifa ta a karkace. Hanifa ta dube ni.

"Abba, me kake ta faɗa da yarensu?"

Har na buɗe baki zan ce wata addu'a ce, sai Maman Hanifa ta riga ni. Kwana biyu kacal ta yi tana bi na kasuwa, amma kalmar ta riga ta shiga kunnenta, kuma daga ƙasa ta ji komai.

"Ragi yake nema."

Yarinyar nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana riƙe da gefen rigata. Tun zuwansu ban ji dariyarta ba sai ran nan. Kunya kamar in nutse, amma wallahi daɗin da na ji ya fi kunyar yawa. Da ta huta ta miƙe ta ja hannuna zuwa layi.

"Mu sake hawa. Ka zauna ta ciki, ni zan riƙe ka."

Sau uku muka ƙara hawa, kuma duk ukun na yi ihu, sai dai da Hausa. Abin da na koya shi ne, duk wanda zai yi taƙama da yaren mutane ya fara koyon yadda ake cewa a tsaya. Na kuma gane cewa kwana da kwanaki na ɓata ina so 'yata ta ga jarumi, ashe ita uban da za ta iya yi wa dariya take nema.