Ba Ruwa, In Ji Baba Seidu

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na je tarbar uwar ɗakina a kwance, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Lokacin ina wata na uku a aikin mataimakin manaja a wani ginin kasuwanci a unguwar Barking ta London, mai kantin magani da shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Ginin na wata Hajiya ce ’yar Kano, kuma gwaji ta ɗauke ni: in ta gamsu in zauna, in ba haka ba in kama gabana. Ni kuwa ga sabon digiri, ina jin kaina kamar ni na ƙera London.

Mai kula da ginin wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, Baba Seidu. Tun kafin sanyi ya kankama ya miƙo mini wata tsohuwar takarda, ya ce shirin ranar dusar ƙanƙara ne. Komai a jere: a riƙa duba hasashen yanayi, a cika akwatin gishirin titi mai narkar da ƙanƙara, a watsa shi tun yamma, a fara da hanyar masu keken guragu, sai ƙofar kantin magani, filin motoci a ƙarshe. Har da wanda za a kira in jiragen ƙasa sun tsaya. Can ƙasa, da jan biro, ya ƙara mini kalma biyu da Hausa: “Ba ruwa.”

To, ni na san mutanen zango da haɗiye wutsiyar kalma (mutumin da ke ce wa Hajiya “ya zo”). Sai na ɗauka “ba ruwana” yake nufi, wato ya zare hannunsa ke nan. Har haushi na ji! Na ce a raina, tsohon nan wayo zai yi mini. Ban tambaye shi ba, don girman kai rawanin tsiya ya riga ya zauna mini daram.

Jajiberin ranar da Hajiya za ta zo yanke mini hukunci, Baba ya dubi sama, ya dubi wayarsa, ya jawo amalankensa yana watsa gishiri. Da ya iso babbar ƙofa na tare shi.

“Baba, a bar nan. Wannan jan gishirin yana ɓata kafet, gobe Hajiya za ta zo.”

Ya dube ni ya ce, “Ɗana, kafet ana wankewa. Ƙugu fa?”

Na dage, ya ƙyale ni.

Da safe gari ya yi fari fat da dusar ƙanƙara. Baba ya bugo cewa an soke jirgin ƙasan da zai hau daga Catford, yana neman bas. Duk inda ya watsa gishiri lafiya lau, sai ƙofata kaɗai ta cushe. Na ɗauki shebur, minti biyar bayana ya ce bai san zance ba. Nan fa ilimi ya motsa: me ke narkar da ƙanƙara? Zafi! Na shiga kicin na yi ta jido ruwan zafi, bokiti shida cur. Wallahi wurin ya yi fes, har tururi yake. (Hoto ma na ɗauka, don a san an yi aiki.)

Ban san cewa a irin wannan sanyi ruwa ba ya tafiya ko’ina ba. Zama yake ya koma gilashi.

Motar Hajiya na tsayawa na fito da sauri in buɗe mata ƙofa. Taku ɗaya, biyu, sai na ga sama. Na zo suuu a kan bayana har gindin tayarta, takalmina ya yi gabas, hulata ta yi yamma. Ma’aikatan kantin magani duk suna leƙe ta taga. Ina kwance na ce, “Barka da zuwa, Hajiya.” Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta zuro ƙafa za ta fito ke nan, sai muka ji tsawa daga bakin titi: “Hajiya ya tsaya nan! Kar ya sauka!” Baba ne, yana haki, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ashe rabin hanyar a ƙafa ya yi ta. Bai ko kalle ni ba. Ya kewaye wurin da igiya, ya bi da Hajiya ta hanyar keken guragu, ya juya wata tsohuwa mai sanda da ta nufo ƙofar, sannan ya watsa gishirin da na hana jiya. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.

A ofis Hajiya ta ce, “Wa ya zuba ruwa?”

Baba ya riga ni: “Takarda na ne bai fito sosai ba, Hajiya. Za mu gyara.”

Wannan rufin asirin ya fi faɗuwar yi mini ciwo. Na ce, “Ni ne, ranki ya daɗe. Ya rubuta mini ba ruwa, na karanta ba ruwana.”

Ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta ce an ƙara mini wata uku, amma a ƙarƙashin Baba.

Yau shekarata huɗu a ginin, ni nake tura amalanken. Abin da na koya kuwa, in dattijo ya ce maka ba ruwa, kar ka tsaya gyara masa Hausa. Ajiye bokitin.