Ƙwayar da Ta Ƙi Aiki, da Yadda Na Tuhumi Hajiya

Na manta shekarar da aka haife ni, na manta sunan hedimastan da ya kore ni daga aji huɗu, amma ba zan taɓa mantawa da wata Talata a wani asibiti na Funtuwa ba. Zan ba ku labarin ne don ku ƙaru, ba don ku yi dariya ba (na san za ku yi, kuma ban yafe ba).

Ni manomi ne a Ƙarfi, masara da waken suya. Shekara talatin da bakwai muna tare da Hajiya, ban taɓa kai ƙararta gaban kowa ba. To, bayan da likita ya ce ina da ciwon suga, sai wani ma'aikaci a jikina ya fara zuwa aiki a makare, daga baya ya shiga yajin aiki baki ɗaya. Magidanta sun gane. Wanda bai gane ba ya jira shekarunsa.

Mutum ɗaya na gaya wa, Malam Iro, abokina na majalisa. Shi ya kwatanta mani wani kyamis a Malumfashi. Na je da hula har gira, na sayo 'yan ƙwayoyin nan shuɗɗa na ƙarfin maza.

Ni kuwa ba a san ni da garaje ba. Ko sabon taki ne sai na gwada shi a gefen gona tukuna. Saboda haka na ɗauki wuƙar da nake yanka goro, na raba ƙwaya ɗaya gida huɗu. Sannan, a iya ilimina, ba a shan maganin ƙarfi ciki wayam. Na daki tuwon dawa malmala biyu da miyar kuka, man shanu na iyo a kai, na bi da tsire, na rufe da fura. Na haɗiye ɓarin ƙwayar, na zauna a tsakar gida, na kunna rediyo, ina duba agogo. Shiru. Abin da kawai ya zo shi ne gyangyaɗi. Sau uku ina gwadawa, sau uku ina gyangyaɗi.

Na koma wa Malam Iro na ce ina jin jabu aka sayar mani. Ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya.

"Malam, ƙwayar nan ba ta ƙarya. In ta ƙi, daga cikin gida aka karya ta. Wa ke ba ka abinci?"

"Hajiya."

"Wa ke miƙo maka maganin suga da safe?"

"Hajiya."

Ya kaɗa kai, ya ɓare goro.

Daga ranar na zama ɗan sandan ciki a gidana. Ina kwance kan tabarma kamar mai barci, ido ɗaya na kan madafa. In ta hura wuta, na ce tofi take yi. Sai ga shi ran nan na gan ta da idona ta jefa kanwa a miya, kanwar da kowa a majalisa ya san tana kashe jikin namiji! (Shekara talatin da bakwai tana sa kanwa a miya, a ciki aka haifi 'ya'ya takwas, amma wannan lissafin bai zo mani ba.) Na daina cin abincin gida, na koma cin shinkafa da mai a tasha, ina korawa da lemon kwalba. Maganin suga kuwa, in ta miƙo na karɓa da godiya, tana juya baya na zura shi aljihun babbar riga.

Mako uku na yi a haka. Ƙishirwa ta hana ni sakat, na zama ɗan gidan banɗaki, ma'aikacin nan kuwa ko wasiƙa bai aiko ba. Sai ranar wanki. Hajiya ta zo ta zazzage aljihun a gabana, ƙwayoyin suga suka watse kan tabarma.

"Malam, me na yi maka? Abincina ba ka ci, maganin da na ba ka kana ɓoyewa. In zargina kake yi, kai ni tasha yau na tafi Matazu wajen Yaya. In ba haka ba, gobe asibiti, kuma ƙafata ƙafarka."

Idonta ya kawo ruwa, ban taɓa ganin haka ba ko a rasuwar mahaifinta. Nan na san gida na shirin rushewa a kaina.

Likitan matashi ne, sa'ar ɗana na uku, ɗakinsa kuma labule kawai ya raba shi da masu jiran layi. Ya ga awon suga ya dafe kai. Na matsa kusa, na raɗa mashi damuwata, har da maganar kanwa. Na manta kunnen Hajiya na jin tafiyar tururuwa.

"Baba, ƙwaya nawa kake sha?"

"Kwata."

"Wa ya ce kwata?"

"Hankalina."

"Me kake ci kafin ka sha?"

Kafin na buɗe baki Hajiya ta karɓe. Ta jero tuwo, ta jero man shanu, ba ta bar ko yajin tsire ba.

"To bayan ka sha, me kake yi?"

Na gyara zama na ce, "Jira."

"Rediyo yake ji, likita," in ji Hajiya, da muryar da take kiran awaki. "Farashin hatsi. Ni ina ɗaki ina gyaran wake, ko sannu bai ce mani ba. Yau na fara jin ashe akwai wani shiri, kuma wai har da ni a ciki!"

Wata mata a bayan labule ta tuntsire da dariya, layin gaba ɗaya ya ɗauka. Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ne.

Likita ya danne tasa dariyar ya yi mani karatu. Ya ce abinci mai maiƙo na jinkirta ƙwayar, ɓari kuma ba lallai ya kai ko'ina ba. Ya ce sugan da aka sake yana lalata jijiyoyin da ƙwayar ke dogaro da su, fargaba da zargi su ma suna hana ta. Ya ce kada na ƙara sha sai an duba zuciyata da sauran magungunana. Sannan ya ce, "Baba, ƙwayar ba ta kawo sha'awa, taimaka mata kawai take yi. Sai ka yi hira da Mama."

A mota na ce, "Hajiya, ki yafe mani." Sai da muka yi nisa ta ce, "Na yafe. Amma ka iya gaya wa Iro, ni da abin ya shafa ba ka iya gaya mani ba."

Darasin ke nan: lamarin mutum biyu, a fara sanar da na biyun kafin a kai wa na uku. Yanzu da furfurata nake koyon zance. Jiya da hantsi na daure na ce mata ɗankwalinta ya yi kyau. Ta ajiye tsintsiya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ka sha ne?"