Rasuwar 'Yar Sanɗa, Motar Mutum Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙarƙashinsa da ya fi baƙin cikin nauyi, ni Musbahu mai gyaran fanka a bayan kasuwar Gwagwalada nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Sanɗa, ƙaramar motar lantarki da na ƙera da hannuna. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan hawan da ke kafin tasha, tana ɗauke da kayan da ba don su aka yi ta ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta a faɗi haka a kan ƙarfe, ya ce duk abin da mutum ya rasa ana faɗa masa.

An haife ta a ƙarƙashin rumfar shagona. Ƙasusuwanta alminiyam ne na tsofaffin tagogi da na samo a Wuse, cikinta batiran kwamfuta da aka zubar, waɗanda na tsinto na gwada ɗaya bayan ɗaya. Ban yi karatun injiniya ba. Abin da na sani a jikinta na koya, ita kuma ta yi haƙuri da ni. Na yi ta ne don mutum biyu da 'yar jakar cefane, a kan kwalta, cikin gari. Ƙarfinta duka yana cikin rashin nauyinta, shi ya sa duk ƙusar da ba ta zama dole ba na cire, kujerun ma da igiyar roba na saƙa su.

Marigayiyar ba ta taɓa shan fetur ba, ba ta taɓa bin layin gidan mai ba, ba ta busa wa kowa hayaƙi a fuska ba. Maganarta duka "wiiii" ce siririya, har akuya kan ci gaba da kwanciyarta a titi ba ta san an iso ba. Masu manyan jif sun yi mata dariya, ba ta rama ba.

Ciwon ajalinta rage hanya ne. A garin nan ba ka wuce wanda ka sani yana tsaye a rana, ni kuwa bakina bai iya a'a ba. Na ɗauki mai buhun masara. Na ɗauki mutum uku zuwa asibitin koyarwa, ɗaya a kan cinyar ɗaya. Kowa ya sauka ya ce Allah Ya saka mini da alheri, ni na ce amin, ita ko ba a kalle ta ba. "Wiiii" ta koma "wuuu". Daga baya wani "ƙyaƙ, ƙyaƙ" ya fara fitowa daga ƙarƙashin kujerar hagu. Na ji shi sarai. Nakan ɗaga murya in ci gaba da gaisawa da fasinja.

Ranar da abin ya faru, maƙwabcina Oga Farouk, jami'i a wata ma'aikata, babban mutum ta kowace fuska, ya ce in sauke shi a tasha, jif ɗinsa ba mai. A hanya muka tarar da Mama Magdalena, manomiyar da ke sayar mana da doya, da daro cike da doya a kafaɗa kamar yadda matan Gbagyi suke ɗauka. Ina so a san cewa ba ta roƙe ni ba. Gaishe ni kawai ta yi. Da na tsaya ma cewa ta yi in bari, motar nan yarinya ce, ba za ta iya ba. Ni na nace, a gaban Oga Farouk, na ɗora daron da hannuna. Muna tsakiyar hawan aka ji "ƙyaƙ" ɗaya mai ƙarfi. Ƙashin bayanta ya rabe biyu, doya ta gangara, sai shiru, amma ba irin shirun da ta saba ba. Babu wanda ya ji rauni. Oga Farouk ya hau acaɓa. Mama Magdalena ta tsince doyarta, ta dafa ƙofar motar ta yi mata sannu. Ni ba ta yi mini ba.

Tun ranar nake juya tambaya ɗaya. Alherin da mutum ya yi da bayan wani, ladan na wane ne? Kuma tausayi ne ya sa nake taka birki, ko daɗin jin godiya? Ban sami amsar da za ta bar ni in ci tuwo cikin natsuwa ba.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu, da batiran da ke da sauran rai, da madubi ɗaya, da injinta, wanda ya fita lafiya. Masu ta'aziyya sun riga sun fara zuwa. Ishaya mai walda ya ce tayoyin za su dace da amalankensa, na ce to. Oga Farouk ya ce batiran za su riƙe masa fanka in an ɗauke wuta, na ce to. Saura injin. Shi kaɗai ne ba zan iya samun irinsa ba, kuma da shi nake fatan ƙera mata ƙanwa, wadda zan riƙe amanarta. Jiya dattawan unguwa suka aiko cewa famfon rijiyar burtsatse ya mutu, injin zai ja ruwa. Na ce zan yi tunani. Ruwan unguwa guda a gefe ɗaya, motar da ba a haifa ba a ɗaya gefen, kuma na san kaina.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar la'asar a ƙofar shagona. Za a kwance ta a hankali, ƙusa bayan ƙusa, ba da guduma ba. Waɗanda aka yi wa alkawari su zo da sufanarsu. Mama Magdalena ce za ta zauna a gaba, don ita kaɗai ta ji tausayin marigayiyar tana raye. Injin kuma na ba matata Hadijatu, ta kulle a ɗakinta, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Duk mai magana a kansa ya same ta. Ni don Allah kada a tambaye ni ranar, ko da wasa, domin zan ce to.