Yadda Za Ka Ɓoye Wa Goggonka Cewa Ita Ce Dodon Wasanka

Kai ɗalibin kwamfuta da ke shekarar ƙarshe, wanda ya zaɓi ƙirƙirar wasan kwamfuta a matsayin aikin kammala karatu, ya kuma rasa wanda zai mayar dodon wasan sai matar da ke ciyar da shi: kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na lamunce maka za ka karɓi digirinka, kuma ba za a daina zuba maka abinci ba. An gwada su a kan Danang, wani ɗalibi a nan garin Malang, ga shi nan da ransa.

1. Ka san girman laifinka

Tun da Danang ya baro ƙauyensu yake zaune a gidan Goggo Lastri, yayar babansa, mai ba ɗalibai hayar ɗakuna. Ita ke dafa masa, ita ta yi jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ga sakayyar da ya yi mata: wasan da ɗan haya zai lallaɓa daga bakin ƙofa zuwa ɗakinsa ba tare da Dodo ta cafke shi ba. Dodo na sanye da doguwar riga mai furanni, tana riƙe da tsintsiyar kwakwa, kuma ko daga ina tana jin famfon da aka bari a buɗe.

Danang bai taɓa son wani darasi kamar aikin nan ba. Watanni ya kwashe yana koya wa Dodo gane dabarun mai wasa, har ta iya tare mutum a lungun da bai riga ya yanke shawarar bi ba.

2. Kada ka ambaci ranar baje kolin ayyukan ɗalibai

Danang ya kiyaye bakinsa. Bai kiyaye na Wulan ba, abokiyar aikinsa mai zane, wadda ta zo gidan aka ba ta shayi da soyayyiyar ayaba.

"Goggo, ai ranar Asabar har iyaye an gayyata."

Goggo ta juyo. "Ɗan nan, ba ka ce mini ba a barin kowa ya shiga ba?"

"An canza doka, Goggo."

"To madalla. A goge mini rigata ta zuwa biki."

Abin lura: abokin aiki nagari shi ne wanda ba ya son ayaba.

3. Sauya wa Dodo kamanni

Ka roƙi mai zane. Danang ya roƙa.

"Cire furannin nan. Sa mata ƙaho. Sa mata gashin baki, don Allah."

"Kai, Malam Hartono mai duba aikinmu ya riga ya amince da wannan," in ji Wulan. "Ka taɓa ta, mu maimaita zango. Ni mamata har ta ɗinka kayan ranar yaye mu."

Suka daidaita a kan ƙaho biyu ƙanana. Bincike ya nuna ƙaho ba ya ɓoye mutum. Abin da aka samu shi ne Goggo Lastri da ƙaho.

4. Gajiyar da ita a teburin wasu

Ranar baje koli, Danang ya nuna mata na'urar ban ruwa, da manhajar gano cutar shinkafa, da wani mutum-mutumi mai miƙa kofi, wanda ya miƙa wa ƙasa. Kowane aiki sai da ya yi masa dogon yabo.

"Naka fa?"

"Nawa ɗan ƙarami ne, Goggo. Ba abin kallo."

"Tun kana ajin farko nake soya maka tempe na waken suya. Zan ga ɗan ƙaramin."

5. Yi fatan kwamfutar ta mutu

Kwamfutar ɗalibi ta saba mutuwa ranar baje koli. Ta Danang ba ta taɓa aiki lafiya kamar ranar ba. Goggo ta zauna gaban kwamfutar, ta ɗora jaka a cinya. Malam Hartono, mai duba aikin, yana tsaye a bayanta. Wulan ta ce za ta nemo ruwa, ba a sake ganinta ba.

Goggo ta tura ɗan haya 'yan taku, sai ga Dodo daga bayan tankin ruwa: "Wa ya shigo mini da takalmi?" An ƙara wa muryar kauri, amma maganar ta Goggo ce, ko harafi ba a rage ba. Aka cafke ta. Ta sake, aka sake cafke ta. Danang ya soma tunanin wane aboki ne zai ba shi wurin shimfiɗa katifa, da abin da zai gaya wa babansa.

Goggo ta janye hannu daga maɓallan.

"Malam, ni ban gane ba. Wa ya ce matar nan ce muguwa? Yaro ya shigo da takalmi, ya bar famfo na zuba, ya buɗe firjin da ba nasa ba. Me ya hana a ba mutum ita ya riƙe?"

Malam Hartono ya gyara tabarau. "Danang, ana iya buga wasan a matsayin Dodo?"

"Ba a iyawa, Malam."

"To gyaranka ke nan. Ka kawo kafin a fitar da sunayen waɗanda za a yaye."

6. A hanyar gida, kada ka fara magana

Ya goyo ta a babur. Shiru har suka wuce kasuwa, har Danang ya fara jin kamar ya tsira. A wurin danja ta ƙwanƙwasa masa hular kwano.

"Ɗan nan."

"Na'am, Goggo."

"Ka sa mata tafiya kamar agwagwa. Ni haka nake tafiya?"

Danja ta ba da hannu, na baya suka cika titi da hon, Danang ya kasa motsi.

"Goggo, ki yi haƙuri, wallahi ni..."

"Tuƙa mu tafi. Kuma ka rage mata gudu a matakala. Gwiwata ba ta kai haka ba yanzu."

A teburin cin abinci ya yi gyaran, tana gefensa tana ɓare tafarnuwa tana ba da umarni. Gudun matakala kaɗai ya ƙi ragewa, ita kuma ba ta sake tayar da maganar ba. An yaye shi tare da Wulan.

Gargaɗi

Mai wannan shawara ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, walau kora, ko yanke abinci, ko bugun waya zuwa ƙauye. Goggo ba iri ɗaya ba ce. Idan taka ta hau babur ta yi shiru har ƙofar gida, kada ka neme ni. Ban san ka ba.